Jagorantar Wasan Labari a Katsina da Daura: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kayan Aikin da Ake Samu Kyauta a Intanet

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga masu son fara jagorantar wasan labari a nan wajenmu, musamman ɗalibai da matasan da suka gan shi a YouTube suka ce su ma sai sun gwada. Duk abin da aka ambata a ƙasa ana samunsa ba tare da biyan ko kwabo ba, sai dai inda na faɗa cewa akwai kuɗi.

Wai shi wannan wasan mene ne, kuma mene ne aikin jagora?

Mutum uku zuwa biyar ne za su zauna, ko a tebur ko a tabarma, kowa ya ɗauki tauraro ɗaya da zai riƙa magana da yawunsa: wannan mafarauci, wancan ɗan madugu, waccan 'yar maƙera. Mutum ɗaya kuma shi ne jagora. Shi ke faɗin inda ake da abin da ido ke gani, shi ne bakin duk wanda aka ci karo da shi a hanya, tun daga sarkin ƙofa har tsohuwa mai daddawa. Sai ya ce, "Kun iso Ƙofar Guga da almuru, ana shirin rufewa, ga jakinku ya turje da kaya a bayansa. Me za ku yi?" Wani ya ce zai lallashi mai gadi, wani ya ce zai ɗauki kayan a ka. In abin da aka yi niyya yana iya yiwuwa yana kuma iya ƙi, sai a jefa dayis, lambar da ta fito ta raba gardama.

Kamar tatsuniya ce, sai dai a tatsuniya aikin mai sauraro ya ƙare daga "ta zo mu ji ta". A nan masu sauraron su ne cikin labarin, kuma shi kansa jagoran bai san inda za a tsaya ba.

Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Yanzu yana hannun kamfanin Wizards of the Coast. Amma shi ɗaya ne kawai daga cikin dubbai.

Na duba farashin littattafan, sun fi ƙarfina. Dole sai na saya?

Ba dole. Manyan littattafan Dungeons & Dragons uku ne, kowanne kusan dala 50, kafin a zo maganar kuɗin kawowa Nijeriya. Amma tun 2014 kamfanin da kansa ya saki taƙaitattun dokoki kyauta, masu ɗauke da nau'in tauraro huɗu da za su kai ka daga matakin ƙarfi na 1 har na 20. A shafinsu na D&D Beyond ma akwai dokokin kyauta na sabon gyaran 2024. Sannan akwai kundin da ake kira SRD, wanda ya ƙunshi ginshiƙin dokokin da tarin dodanni, kuma kowa na iya sauke shi.

Wasan Pathfinder na kamfanin Paizo ya fi su sakin hannu: dokokinsa suna shafin Archives of Nethys da yardar kamfanin. Sai dai yawansu na iya sa sabon shiga ya karaya tun kafin ya fara.

Basic Fantasy kuwa, na Chris Gonnerman, tun 2006 komai nasa kyauta ne, da dokokin da littafin dodanni da shiryayyun labarai masu yawa. Ga wanda ke son salon Dungeons & Dragons na da, mai sauƙin lissafi, nan ne wurin zuwa.

To da wanne ya kamata in fara?

Ra'ayina, kada ka fara da Dungeons & Dragons. Na san shi ka gani a bidiyo, shi ne kuma ya ja hankalinka. Amma ka yi tunanin zaman farko: abokanka huɗu, babu wanda ya taɓa yi, kai kaɗai ka karanta dokoki da Turanci, ga shi sai an cika takarda mai lambobi sama da ashirin kafin a ce uffan. Kafin a gama, biyu sun koma kallon ƙwallo.

Fara da wasan da dokarsa ba ta wuce shafi ɗaya ba. Lasers & Feelings na John Harper shafi ɗaya ne tak, dayis ɗin ludo kawai yake buƙata. Kowane ɗan wasa zai zaɓi lamba ɗaya tsakanin 2 da 5. In abin da zai yi na natsuwa da lissafi ne, yana neman dayis ya faɗo ƙasa da lambarsa. In na zuciya ne da zafin nama, yana neman sama da ita. In ya faɗo daidai kanta, ya samu damar yi wa jagora tambaya ɗaya, a amsa masa da gaskiya. Asalin labarin na jirgin sararin samaniya ne, amma babu abin da zai hana ka kira ɓangarorin biyu "dabara" da "zuciya", ka mayar da jirgin ayarin fatake.

Risus na S. John Ross, wanda ya fito tun 1993, shi ma gajere ne. Ana ba ka dayis goma ka rarraba su kan siffofin tauraronka, misali "tsohon ɗan dambe" 4, "mai bashin kowa a kansa" 3, "ɗan'uwan kowa a tasha" 3. Yana da daɗi ga masu son raha. In kun saba kuna son abin da ya fi nauyi kaɗan, ga Fate Accelerated ko Cairn, dukansu ana samunsu kyauta.

Ina zan samu irin dayis ɗin nan mai fuska ashirin?

Cikakken saitin guda bakwai ne: mai fuska 4, 6, 8, 12, 20, da masu fuska 10 guda biyu. Da wuya ka same su a kasuwa a nan, kuma ba sai ka wahalar da kanka ba. In ka rubuta "roll dice" a Google, zai fito maka da su a allo ka danna wanda kake so. A Telegram, in ka tura alamar dayis ita kaɗai, za ta juya ta tsaya kan lamba, kowa a rukunin ya gani, babu mai cewa an yi maguɗi.

In ba data, tara murafun kwalba ashirin, rubuta 1 zuwa 20 a cikinsu, zuba a hula ko jaka, a riƙa zaro ɗaya ana mayarwa. Lissafin ɗaya ne da na dayis: kowace lamba tana da kashi 5 cikin 100. Fate yana amfani da dayis huɗu masu alamar ƙari da ragi, amma na ludo ya wadatar: 1 da 2 ragi, 3 da 4 babu komai, 5 da 6 ƙari.

Abu ɗaya da ya kamata jagora ya gane: dayis ɗaya da dayis biyu ba halinsu ɗaya ba. In ka jefa na ludo biyu ka haɗa, 7 ta fi kowace lamba fitowa, sau 6 cikin 36, alhali 2 ko 12 sau 1 ne kacal. Shi ya sa wasanni da yawa suka ɗauki tsarin 10 zuwa sama nasara, 7 zuwa 9 nasara mai tsada, 6 zuwa ƙasa matsala. Wanda ke son ƙirƙirar dokarsa, shafin AnyDice zai yi masa irin wannan lissafin.

Malam, Baba ya ce dayis caca ne, kuma ya ji akwai tsafi a ciki. Me zan ce masa?

Kada ka yi gardama da Baba, don maganarsa tana da tushe. Akwai hadisi a Muwaɗɗa na Imam Malik da kuma Sahihu Muslim da ya yi kakkausan hani ga wasan nardu, wanda da dayis ake yinsa, kuma akasarin malamai sun tafi a kan haramcinsa ko da ba a sa kuɗi ba. Inda ake tattaunawa shi ne ko hukuncin ya hau kan duk wani wasa da dayis ya shiga cikinsa. Wannan fatawa ce, aikin malamai ne. Abin da za ka iya shi ne ka bayyana wa malaminku yadda wasan yake ba tare da ƙari ko ragi ba: babu kuɗi, babu wanda ya ci wani, 'yan wasa duk ɓangare ɗaya suke, dayis kuma yana yanke ko abin da aka gwada a labari ya yiwu.

In amsa ta zo cewa a bar dayis, wasan bai mutu ba. Akwai wasannin da tun asali ba su da shi, irin su Amber da ya fito a 1991, kodayake shi na sayarwa ne. Kuma kana iya yin naka. Ba kowane ɗan wasa tsakuwa biyar a farkon zama. Abin da tauraronsa ya ƙware a kai, ya yi nasara kai tsaye. Abin da ya fi ƙarfinsa, ko ya biya tsakuwa ɗaya ya yi nasara, ko ya haƙura ya karɓi abin da ya biyo baya, jagora ya ƙara masa tsakuwa ɗaya. Babu sa'a a ciki ko kaɗan, zaɓi ne zalla. Kada dai ka yaudari kanka da murafun kwalba: in sa'ar ce malam ya hana, su ma sa'a ce.

Maganar tsafi kuwa, gaskiya ne littattafan Turawa cike suke da bokaye da alloli na ƙage, har akwai tauraron da ƙarfinsa daga bautar ɗayansu yake. Ba wajibi ba ne ka ɗauko su. Jagora ke da duniyar. Cire su gaba ɗaya, mai warkarwa ya zama wanzami ko maɗori ko ungozoma mai sanin saiwoyi. Labarin fatauci, ko binciken wanda ya saci raƙumi, ko rikicin gado a gidan attajiri, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Kuma in aka kira salla, a ajiye takarda.

Ban iya zane ba. Ina zan samu taswira?

Nan kam intanet ta yi mana gata. Wani mai suna Watabou yana da manhajar da ke zana birni mai ganuwa da ƙofofi da unguwanni cikin daƙiƙa, kana iya ƙara kogi ko cire shi, ka sauke hoton. Yana da ta ƙauye, da ta kogon ƙarƙashin ƙasa mai shafi ɗaya. Shafin Azgaar yana zana nahiya sukutum, da koguna da ƙasashe da hanyoyin fatauci, kuma kana iya canja kowane suna. Sai dai ya fi son kwamfuta, a ƙaramar waya wahala za ka sha. Dungeon Scrawl na mai son zana nasa ne da hannunsa. Dyson Logos kuma ya ɗora ɗaruruwan taswirorin da ya zana da alƙalami, baƙi da fari, waɗanda suke fitowa tsaf a injin fotokwafi.

Shafin Donjon ya cancanci a ware shi. Kusan rubutu ne zalla, ba ya cin data, kuma yana fitar da kogo, da masauki, da dukiyar da za a tsinta, da yanayin sama, da siffar baƙon da za a haɗu da shi. Sunayensa na Turawa ne, sai ka canja.

Amma ka lura, biranen da waɗannan manhajoji ke zanawa na Turai ne. In birnin Hausa kake so, buɗe Google Earth ko OpenStreetMap ka dubi tsohon garin Katsina daga sama: yadda lunguna suka murɗe, inda fada take da filin Ƙofar Soro, inda hasumiyar Gobarau ta tsaya, yadda hanyoyi suka nufi Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka. Kwafe tsarin a takarda, juya shi, sa masa wani suna. Ya fi duk wanda na'ura za ta ba ka.

Data tana tsada, wuta kuma ba tabbas. Ya zan yi?

Sauke sau ɗaya, yi wasa ba intanet. Zaɓi wasa ɗaya, sauke PDF ɗinsa, ɗauki taswira biyu ko uku, shi ke nan. Kai shagon kwamfuta a buga maka shafukan da za ka riƙa dubawa da takardun taurari, sauran ka bar su a waya. Tura wa abokai ta Xender. Littafin rubutu mai layi da fensir sun fi kowace manhaja amfani a wurin zama, don ba sa mutuwa in caji ya ƙare. Mai son adana bayanai a waya yana iya amfani da manhajar Obsidian, kyauta ce kuma tana aiki ba sabis.

Abin da ya fi cinye data ba ma wasan ba ne, yawon tara kaya ne. Mutum ya sauke littafi hamsin bai jagoranci zama ko ɗaya ba.

Akwai shiryayyun labarai da zan ɗauka kawai in jagoranta?

Akwai, har sun yi yawa. Gasar One Page Dungeon, wadda ake yi tun 2009, sharaɗinta shi ne labari da taswira duk su shiga shafi ɗaya, kuma ana iya sauke abubuwan da aka shigar. A shafukan itch.io da DriveThruRPG akwai sashen kyauta da na "biya abin da ka ga dama". A wannan sashe na biyu kana iya rubuta sifiri a wurin kuɗi, ba sai da katin banki ba. DriveThruRPG zai nemi ka yi rajista da imel. Kamfanoni da yawa ma suna sakin ɗanɗano kyauta, wato taƙaitattun dokoki da labari ɗaya da taurarin da aka riga aka cika takardunsu, kamar yadda Chaosium ke yi da Call of Cthulhu.

Littattafan Kevin Crawford, Worlds Without Number da Stars Without Number, suna da bugu na kyauta mai kauri. Ko ba za ka yi wasan ba, sauke na farkon saboda jadawalolinsa na ƙirƙirar gari da fada da ƙungiyoyi masu hamayya. Suna aiki da kowane irin wasa.

Duk abin da na sauke labarin ƙasar ƙanƙara ne da mutanen da ban sani ba. Ya zan mayar da shi namu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma amsata a taƙaice: ɗauki doka daga intanet, ɗauki labari daga gida. Kayan gidan ma da yawansu suna intanet kyauta, mutane ne ba sa nema.

Shiga Internet Archive. Littattafan da shekarunsu suka wuce ƙa'idar haƙƙin mallaka suna nan. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi da labarai da Hausa a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. R. S. Rattray ya buga nasa a 1913, da ajami da boko da fassara. Bature Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Katsina a farkon 1851, kuma ya rubuta abin da ya gani: girman ganuwa, yadda fili mai yawa a cikinta ya zama ba kowa, ciniki da wuri, da yadda sarki ya tsare shi kwanaki ana ja-in-ja kan gaisuwar da zai bayar kafin a sallame shi ya wuce Kano. Wannan kaɗai zama guda ne cikakke: baƙi sun iso gari, fada ta riƙe su, kayansu ba su kai abin da ake tsammani ba, ayari kuma zai tashi jibi. Ka karanta waɗannan marubuta da lura, don da idon zamaninsu suka kalle mu, amma bayanan kasuwa da hanya da suka bari suna da amfani ƙwarai. Ƙamusun Bargery na 1934 ma yana intanet, in kana neman tsofaffin sunayen kayan yaƙi da sarautu.

Tsarin da nake ba sabon jagora shawara a kai shi ne ayari. Fatake sun tashi daga Katsina zuwa Gwanja sayo goro, ko sun yi arewa ta Agadas zuwa Gat, a Libiya ta yau. Akwai madugu, akwai jagaba, akwai uban dawaki. Kowane zango zama ɗaya ne: yau rijiya ta ƙafe, gobe mai gari ya ninka kuɗin fito, jibi an wayi gari babu jaki uku kuma sawun ya nufi cikin ayarin ne, ba daji ba. Amfanin wannan tsari shi ne ba ka buƙatar shirya duniya gaba ɗaya, zango na gaba kawai. In wani ɗan wasa bai zo ba, a ce yana bayan ayari da masu ciwo.

Taurari kuwa ga su nan birjik: ɗan tauri, gardi mai wasa da kura, maroƙi wanda bakinsa ke buɗe ƙofar da takobi ba zai buɗe ba, ɗan koli, mafarauci, maƙeri. In littafi ya ce rigar ƙarfe, ka ce sulke. Doki ya sha lifidi, barde ya sa kwalkwali. Kuɗi wuri ne, a ƙirga da zambar. In littafi ya ba ka dodo mai lambobinsa, riƙe lambobin ka sauya masa fata: ya zama Dodon tatsuniya, ko kura mai magana. Gizo kuwa kada ka sa a yaƙe shi. Sa shi ya zama wanda ke kawo wa 'yan wasa aiki, kullum da wata ɓoyayyiyar riba tasa.

Kevin Crawford ɗin nan ya taɓa fitar da wasa mai suna Spears of the Dawn a 2013, wanda ya gina kan Afirka. Na sayarwa ne, amma zane-zanensa ya sake su kyauta kowa ya yi amfani da su.

Ni ɗan Daura ne. Zan iya yin wasa kan Bayajida da Kusugu?

Ginin labarin ya dace da wasa sosai: gari mai rijiya ɗaya, maciji ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, da safe kuma fada na neman wanda ya yi aikin. Amma shawarata ka ɗauki ginin ka bar sunayen. Dalili biyu. Na farko, kowa a zauren ya san ƙarshensa, babu sauran zaɓi. Na biyu, a wasa ba ka san abin da ɗan wasa zai yi ba. Wani zai ce zai yi wa sarauniya rashin kunya ko ya saci takobin fada, kuma wannan tarihi ne da gidan sarauta ke riƙe da shi har gobe, rijiyar tana nan ana ziyarta. Haka sarautun Katsina irin su Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka, akwai masu riƙe da su a raye. Ƙirƙiri garinka, sa masa Galadimansa. Sannan ka juya tambayar: me zai faru in akwai wani a fada da ke cin ribar hana ruwan, wanda mutuwar macijin ba ta yi masa daɗi ba?

Awa nawa ake shiri kafin zama?

Ga gajeren wasa, rabin awa zuwa awa ɗaya. Mike Shea, mai shafin Sly Flourish, ya saki kundin shawarwarinsa kyauta, kuma abu biyu a ciki sun fi sauran amfani. Shirya buɗewa mai ƙarfi, wato a fara da abu na faruwa, ba da "kuna zaune a zaure" ba. Sannan rubuta sirri goma, kowanne jimla ɗaya, ba tare da ka ƙayyade inda za a gano shi ba. Duk inda 'yan wasa suka nufa, sai ka ajiye musu ɗaya a can.

Justin Alexander, mai shafin The Alexandrian, yana da ƙa'idar da ta ceci labaran bincike da yawa: duk abin da kake son 'yan wasa su gano, ajiye masa alama uku. Ta farko ba za su gan ta ba, ta biyu za su yi mata mummunar fahimta. Mai son bidiyo kuma ya nemi jerin Running the Game na Matt Colville a YouTube, na farko-farkon sun isa.

Abokaina sun watse, wani yana Dutsin-Ma, wani Zariya, wani yana bautar ƙasa a Kudu.

Shafukan Roll20 da Owlbear Rodeo duka suna da matakin kyauta, inda kowa zai ga taswira ɗaya ya motsa alamarsa. Owlbear ya fi sauƙin koyo. Discord yana da kiran murya, kuma ana iya saka masa wata manhaja mai suna Avrae ta riƙa jefa dayis. Foundry, mai irin aikin Roll20, na sayarwa ne, bar shi tukuna.

Amma in sabis ɗin ɗayanku yana yankewa, kiran kai tsaye zai zama "kuna ji na?" daga farko har ƙarshe. Rukunin WhatsApp ko Telegram ya fi dacewa da mu. Jagora ya tura saƙon murya bayan isha, kowa ya amsa kafin gobe war haka. Tafiyar tana da jinkiri, amma ba ta tsayawa. Sa doka ɗaya: wanda bai amsa ba cikin kwana ɗaya, jagora zai motsa masa tauraronsa.

Labarai da yawa da na sauke akwai 'yan fashi da sace mutane. In bar su?

Tambayi mutanenka kafin zaman farko. A wajen wanda ya rubuta labarin a Amurka, kai hari ƙauye da neman fansa nishaɗi ne. A jihar nan, cikin mutum biyar da ke zaune da kai, ba mamaki akwai wanda aka taɓa ɗaukar ɗan'uwansa, kuma ba lalle ya faɗa maka ba. John Stavropoulos ya fito da wata dabara mai sauƙi, bayaninta na nan kyauta: a ajiye kati mai alamar X a tsakiya, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa katin, jagora ya kauce daga wurin, ba a tambayar dalili. A wajenmu, inda kunya ke hana mutum miƙa hannu a gaban jama'a, ƙara da cewa kowa na iya turo maka saƙo a keɓe.

In na fassara dokoki zuwa Hausa na raba, na taka doka?

Ya danganta da lasisin. Kyauta a karanta daban, izinin fassarawa daban. A Janairun 2023, bayan hayaniyar da ta tashi lokacin da Wizards of the Coast ya so sauya tsohon lasisinsa na 2000, kamfanin ya saki SRD 5.1 ƙarƙashin lasisin Creative Commons, ya kuma bi da SRD 5.2 a 2025. Wannan lasisi ya ba ka damar fassarawa, gyarawa, har sayarwa, in dai ka ambaci masu shi yadda suka tsara. Fate ma yana da kundi mai irin wannan izini. Cairn ya ƙara sharaɗi ɗaya: abin da ka fitar, kai ma ka sake shi da irin lasisin. Duba shafin farko ko na ƙarshe na kowane littafi, a nan ake rubutawa.

Cikakkun littattafan sayarwa da ke yawo a wasu rukunonin Telegram kuwa, na sata ne. Da abin da masu shi suka bayar da hannunsu ma ba za ka iya gama karantawa ba.

ChatGPT da ire-irensa fa?

Suna da amfani wajen taƙaita doka mai tsawo ko ba ka jerin matsaloli ashirin da za su iya samun ayari, ka zaɓi uku. Kada ka yarda da su kan tarihin Katsina ko Daura ba tare da ka bincika ba, suna iya ƙaga sarki da shekararsa su faɗa maka da cikakken tabbaci. Sunayen mutane da kirari da baƙar magana kuwa, zama ɗaya da Kaka ko wani dattijon unguwa zai ba ka abin da ya fi nasu.

Ban da abokin yi ko ɗaya.

Ironsworn na Shawn Tomkin, wanda ya fito a 2018, cikakken littafinsa kyauta ne, kuma an gina shi yadda mutum ɗaya zai iya yi, ko biyu ba jagora. Yana buƙatar dayis ɗin ludo ɗaya da masu fuska 10 guda biyu. Hanya ce mai kyau ta koyon jagoranci kafin ka tara jama'a.

Ni malama ce, ina so in gwada da ɗalibaina da ƙannena a gida. Akwai wanda ya dace da yara?

Malama, duba Mausritter na Isaac Williams, ana sauke shi kyauta. Taurarin ɓeraye ne, kuma kayan da kowa ke ɗauke da su ƙananan katuna ne da ake yankawa a jera a takarda, abin da yara ke so. Rumbun hatsi ya zama birni, kyanwar gida ta zama dodo, tsallaka tsakar gida da rana ya zama tafiya mai haɗari. Da 'yan ƙasa da shekara goma, Lasers & Feelings ko tsarin tsakuwa da aka bayyana a sama ya fi sauƙi.

Kada rukuni ya wuce yara biyar, kada zama ya wuce minti arba'in. Bi su ɗaya bayan ɗaya da "ke fa, me za ki yi?", in ba haka ba mai baki ɗaya zai cinye wasan. In ajin babba ne, raba su rukuni-rukuni, ki jagoranci ɗaya sauran na kallo, mako na gaba ki ba biyu daga cikinsu taswira da sirri uku a takarda su jagoranci nasu.